"Da sauƙi" ba awo ba ne: yadda ake auna ciwon gaɓɓai tun daga gida

Ka shiga ɗakin Inna da safe, ka durƙusa ka gaishe ta, ka ce, "Inna, yaya ƙafar taku?" Za ta ce da sauƙi, alhamdu lillahi, ko da kuwa daren jiya ba ta runtsa ba, ko da sai da ta dafa bango ta iya kaiwa bakin rariya ta yi alwala. Wannan amsa tarbiyya ce da godiyar Allah, kuma ba na so a raba kowa da ita. Inda take cutarwa shi ne gaban likita. An yi sammako, an bi layi, an samu 'yan mintuna, likita ya tambaya, aka ce masa da sauƙi, ko kuma aka ce ai ko'ina ciwo yake. Da wannan bayani babu abin da zai iya sai ya maimaita maganin wancan karon.

Hawan jini yana da na'urar awo, suga ma haka, zazzaɓi ma haka. Ciwo ba shi da ita. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka galibin awon ciwo da likitoci ke yi a duniya daga bakin mai ciwon yake farawa. Aikinmu shi ne mu mai da abin da yake ji ya zama abin da za a iya rubutawa yau, a sake rubutawa bayan wata guda, a kwatanta. Kuma lamarin ba na gida ɗaya ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 528 ne ke fama da amosanin gaɓɓai irin na zaizayewar guringuntsi, miliyan 365 daga cikinsu a gwiwa, sannan wasu miliyan 18 suna fama da mai kumburi da ake kira rumatoyid, wanda garkuwar jiki ce ke juyowa ta far wa gaɓɓai. A duka biyun mata sun fi yawa.

Kayan aikin ba su da tsada: littafin rubutu irin na 'yan makaranta wanda ba za a yi komai da shi ba sai wannan, biro, agogon waya, tef ɗin tela, kujera mai ƙwari, da ƙwallon dabino guda goma.

Mataki na farko: a nuna wurin da yatsa ɗaya

Idan Bahaushe ya ce ƙafarsa na ciwo, yana iya nufin komai daga ƙugu zuwa tafin sawu. Saboda haka kada ka tambayi sunan wurin. Ka ce, "Baba, ku ɗora mini yatsa ɗaya daidai inda ya fi ci muku rai." A shafin farko na littafin ka zana siffar mutum, gaba da baya, ko da zanen bai yi kyau ba, ka sa alama a kowane wuri, ka rubuta dama ko hagu.

Wannan zane kaɗai yana faɗa wa likita abubuwa. Zaizayewa ta fi kama gwiwa, ƙugu, gindin babban yatsan hannu da gaɓɓan ƙarshen yatsu na kusa da farce, kuma sau da yawa gefe ɗaya ya fi ɗaya. Rumatoyid kan kama wuyan hannu da gaɓɓan tushen yatsu da na tsakiyarsu, dama da hagu tare. Gawut, wanda taruwar sinadarin yurik ke jawowa, ya fi son gindin babban yatsan ƙafa, yakan taso cikin dare farat ɗaya. Akwai kuma ciwon da ke yaudara: lalacewar gaɓar ƙugu takan bayyana a matsematsi da gaban cinya, wani lokaci ma a gwiwa kawai, a yi ta shafa wa gwiwa man zafi alhali ba can matsalar take ba.

Mataki na biyu: a ba ciwon lamba

Ma'aunin da ya fi yaɗuwa a asibitoci shi ne daga 0 zuwa 10. Sifili babu ciwo sam, goma kuma ciwon da ya fi kowane tsanani da mutum zai iya tunani. Galibi ana ɗaukar 1 zuwa 3 a matsayin kaɗan, 4 zuwa 6 matsakaici, 7 zuwa 10 mai tsanani.

Dattijon da bai saba da irin wannan tambaya ba zai iya ce maka shi bai san wata lamba ba. Nan ƙwallon dabino ke amfani. Ka zube goman a faranti, ka ce duka goman su ne ciwon da ya fi kowane, babu ko ɗaya shi ne lafiya lau, ya ware adadin da ya yi daidai da na yanzu. Wanda ya yi shekaru yana kasa kaya a kasuwa ko yana auna hatsi ba zai sha wuyar wannan ba. Wasu sun fi gane kofi: idan ciwo ruwa ne, ina ya kai a kofin nan, ƙasa, rabi, ko ya cika yana zuba? A asibiti za ka iya ganin layi mai tsawon santimita 10 da ake cewa mutum ya sa alama a kai, sai a auna da rula, ko jerin fuskoki shida daga mai walwala zuwa mai tsananin wahala. Duk hanya ɗaya suke bi. Abin da ke da muhimmanci shi ne ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kanta, kada yau dabino gobe kofi.

Lamba ɗaya ba ta isa ba, uku ake so: ciwon a zaune ba motsi, ciwon lokacin tafiya ko aiki, da mafi tsananin da aka ji daga jiya war haka zuwa yanzu. Mai zaizayewar gwiwa zai iya ba ka 1 a zaune, 7 idan ya miƙe. Wanda ya tambaye shi yana kishingiɗe zai tafi da labarin cewa ya warke. A riƙa tambaya a lokaci guda kullum, misali bayan sallar asuba da bayan isha'i. Makonni biyu na farko a yi kullum, daga nan sau biyu a mako ya wadatar, domin yawan tambaya ma yana sa mutum ya tare a kan ciwonsa.

Abu biyu nake roƙo a nan. Kada ka gyara wa mutum lambarsa. Idan Inna ta ce takwas, kada ka ce haba, ai jiya na ga kun je barka. Zuwa barka dauriya ce, ba shaida ba ce. Sannan kada a kwatanta mutum biyu: shida ɗin Inna da shida ɗin maƙwabciyarta ba abu ɗaya ba ne. Lambar mutum da tasa ta baya kaɗai ake gwada ta. Masu bincike sun gano cewa saukar maki biyu, ko kusan kashi 30 cikin 100, ita ce sauyin da mai ciwo ke jin cewa lallai an samu bambanci. Daga 7 zuwa 5 ci gaba ne na gaske. Daga 7 zuwa 6 yana iya zama bambancin rana da rana kawai.

Mataki na uku: irin ciwon, da mintunan safe

Hausa tana da wadatar kalmomin ciwo, a yi amfani da su yadda mai ciwon ya faɗa: zugi, raɗaɗi, suka, tsami, ƙuna, nauyi, jin kamar ana tsira allura, ko kamar wutar lantarki. Zugi da tsami sun fi zuwa daga gaɓa. Ƙuna da mutuwar ƙafa da jin kamar tafiyar kiyashi sun fi nuna jijiya, kamar yadda ake gani ga masu ciwon suga ko wanda jijiyar bayansa ta matse, kuma maganinsu daban ne.

Sai sanƙarewar safe, wadda a ganina ita ce awo mafi arha kuma mafi faɗar gaskiya. Duba agogo lokacin da mutum ya farka, ka sake dubawa lokacin da gaɓɓan suka saki har ya iya dunƙule hannu ya riƙe buta ko ya taka yadda ya saba. Rubuta mintunan. A zaizayewa, sanƙarewar ba ta cika wuce minti 30 ba, kuma ciwon yana ƙaruwa da aiki, ya lafa da hutu. A rumatoyid takan wuce haka, ta kai awa guda ko fiye, hutu yana ƙara ta, motsi yana rage ta. Duk wanda hannayensa ke kumbura suna sanƙarewa fiye da rabin awa kowace safiya har makonni shida, kada a ce sanyi ne a jira hunturu ya wuce. Rumatoyid yana cin gaɓa tun a watannin farko, kuma abin da ya ci ba ya dawowa, amma akwai magungunan da ke taka masa birki idan an fara da wuri.

Mataki na huɗu: hannu ya duba

A fatarmu ja ba ya fitowa sosai, don haka kada ka jira ganin gaɓa ta yi ja. Ɗora bayan hannunka a gwiwar dama, sannan ta hagu, sannan ƙwauri. Gwiwa mai lafiya takan ɗan fi naman da ke kewaye da ita sanyi, idan ta fi shi ɗumi akwai kumburi a ciki. Ka bambanta kumburi mai laushi kamar an cika leda da ruwa, da ƙullutu mai tauri na ƙashi irin wanda ke fitowa a ƙarshen yatsun tsofaffi. Na farko yana hawa yana sauka, na biyu ya zauna ke nan. Gwiwa kuma a zagaya ta da tef ta tsakiyar ƙoƙonta, ƙafa a miƙe, a rubuta santimita na kowace.

Likitocin gaɓɓai suna ƙidaya gaɓɓai 28: kafaɗu biyu, gwiwar hannu biyu, wuyan hannu biyu, tushen yatsu goma, tsakiyar yatsu goma, gwiwoyi biyu. Kowace ana danna ta da ƙarfin da zai sa farcen mai dannawa ya yi fari, a rubuta nawa ne suka yi zafi, nawa ne suka kumbura. Mai rumatoyid zai iya koyon wannan ya riƙa yi sau ɗaya a mako, ƙidayar masu zafi ta fi sauƙi a gida, ta kumburi ta fi son hannun gwani. Ka lura ƙafa ba ta cikin lissafin, saboda haka idan yatsun ƙafa ko idon sawu na damun mutum, a rubuta daban. Gwaji mai sauƙi shi ne ka kama tafin hannu ko na ƙafa ta wajen tushen yatsu ka matsa a hankali kamar mai musabaha. Idan mutum ya zabura, a rubuta.

Mataki na biyar: me ciwon ya hana?

Nan ne nake so a fi daɗewa, domin mutumin da kunya ko dauriya ta hana shi cewa yana jin ciwo ba zai ɓoye maka cewa ya koma salla a zaune ba.

Fitaccen ma'aunin gwiwa da ƙugu shi ne WOMAC, wanda aka tsara a Kanada a shekarun 1980. Tambayoyi 24 ne: biyar kan ciwo, biyu kan sanƙarewa, 17 kan ayyukan yau da kullum. Yana da kyau, amma wasu tambayoyinsa na rayuwar can ne, kamar sa safa da shiga bahon wanka. Wannan ne ya sa masana gashin ƙashi a Jami'ar Ibadan suka tsara nasu mai suna IKHOAM, wanda ya shigo da abubuwa irin su zaman salla, durƙusa wa manya, shara da gajeren tsintsiya da tsuguno a masai, kuma an fassara shi zuwa Hausa. Kai ma a gida hanyar da za ka bi ke nan: ka zaɓi ayyuka biyar ko shida daga rayuwar mai ciwon ta gaske, ka ba kowane maki. Sifili yana yi ba wahala, 1 da 'yar wahala, 2 da ƙyar ko sai an taimaka, 3 ba ya iyawa.

Salla ita kaɗai ma'auni ce cikakkiya, ana yin ta sau biyar a rana, kuma motsinta ba ya canzawa. Tsayuwa tana gwada ɗaukar nauyi, ruku'u baya da ƙugu, sujada da zaman tahiya suna naɗe gwiwa har ƙarshe, tasowa zuwa raka'a ta gaba tana gwada ƙarfin cinya. Ka tambaya dalla-dalla: ana kai goshi ƙasa? Ana zaman tahiya ko sai an miƙe ƙafa? Ana tasowa ba dafa ƙasa da hannu biyu? Tun wane wata aka koma kujera? Ba don a matsa wa kowa ake wannan tambaya ba. Hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Bukhari ya ba da sauƙi a fili: a yi a tsaye, in ba a iya ba a zaune, in ba a iya ba a kan gefe. Amfanin tambayar shi ne ranar da aka koma kujera rana ce da kowa ke tunawa, kuma ta fi "ya daɗe" amfani ga likita.

Bayan salla, ga tsuguno a banɗaki, wanda da yawa ba za su ambata ba sai an tambaye su a keɓe, kuma ya fi kyau 'ya mace ta tambayi uwa, ɗa namiji ya tambayi uba. Ga tashi daga tabarma, hawa babur ko Keke Napep, zuwa masallacin unguwa ba tsayawa a hanya. Ga mai ciwon hannu: matse wanki, tuƙa tuwo, buɗe murfin jarka, ɓalle maɓallin riga, jan carbi. Manomi a tambaye shi kunya nawa yake nomewa kafin ya zauna, tela awa nawa yake iya taka keke.

Akwai gwaji biyu na agogo da za a ƙara sau ɗaya a wata. Na farko, a jingina kujera marar hannu da bango, mai tsayin kimanin santimita 43, mutum ya zauna ya rungume hannuwansa a ƙirji, a ƙidaya sau nawa zai miƙe sosai ya koma cikin daƙiƙa 30. Idan ba ya iya tashi sai da hannu, a rubuta sifili a bar shi, kada a tilasta. Na biyu, a auna mita uku daga kujera a sa alama. Ya tashi, ya je, ya juyo, ya zauna, da takalminsa da sandarsa in yana riƙewa. Dattijon da ya ɗauki daƙiƙa 12 ko fiye yana cikin haɗarin faɗuwa. Ka tsaya kusa da shi duk lokacin gwajin, kuma kujera ɗaya za a riƙa amfani da ita.

Mataki na shida: magani, barci da zuciya

Lambar ciwo ba ta da ma'ana idan ba a san me aka sha kafin a faɗe ta ba. Uku bayan an sha diklofenak biyu ba ɗaya take da uku ba magani ba. A rubuta kowace ƙwaya, da ta asibiti da ta kemis, da allura, da jiƙo, da man shafawa. Haɗin da ake ƙullawa a leda ba suna shi ya fi tayar mini da hankali, domin ana samun deksametason ko firedinisolon a ciki. Suna kwantar da ciwo nan take, amma shan su na dogon lokaci ba kulawar likita yana kumbura fuska, ya ta da suga da hawan jini, ya raunana ƙashi. Su kuma dangin diklofenak da ibufurofen, yawan shansu yana jawo gyambon ciki ya taɓa ƙoda, musamman ga tsofaffi. Adadin ƙwayoyin da aka sha a mako shi ma awo ne: idan lambar ciwo tana nan amma ƙwayoyin sun ninka, ciwon ya ƙaru.

A ƙara layi ɗaya na dare: sau nawa ciwo ya tashe shi. Da layi ɗaya na hali: ya daina fita, ya daina cin abinci, yana yawan shiru? Rashin barci da damuwa suna ƙara wa ciwo ƙarfi, ciwon kuma ya ƙara su.

Abin da ba a tsayawa aunawa

Gaɓa ɗaya da ta kumbura cikin kwana ɗaya ko biyu, ta yi zafi rau, ba ta taɓuwa ba ta motsuwa, musamman da zazzaɓi, asibiti za a nufa a ranar. Ƙwayar cuta a cikin gaɓa tana iya lalata ta cikin 'yan kwanaki, kuma ba a sa mata kaho ko tsaga. Haka wanda ya faɗi ya kasa taka ƙafa, da mai ciwon baya ko ƙugu da ke tare da rama da gumin dare, domin tarin fuka yana kama ƙashi, da mai shan maganin ciwo da ya ga bayan gidansa ya yi baƙi. Yaro mai ɗingishi, da mai sikila da ciwon matsematsi ya ƙi barinsa bayan rikicin ciwon ya lafa, su ma a kai su da wuri, saboda sikila tana iya toshe jinin da ke ciyar da kan ƙashin cinya.

Ranar asibiti

Likita zai ɗora nasa awon a kan naka. Ga mai rumatoyid akwai lissafin DAS28, wanda aka tsara a ƙasar Holan: ana haɗa gaɓɓai masu zafi, masu kumburi, gwajin jini na ESR ko CRP mai nuna kumburi a jiki, da makin da mai ciwon ya ba lafiyarsa. Ƙasa da 2.6 cuta ta kwanta, sama da 5.1 tana kan ganiyarta. Inda gwajin jini ya yi wuya akwai CDAI, wanda tarawa ce kawai: a ce gaɓɓai 6 masu zafi, 4 masu kumburi, mai ciwo ya ba kansa 6 cikin goma, likita ya ba shi 5, jimla 21. Daga sama da 10 zuwa 22 matsakaici ne, sama da 22 mai tsanani. Likitocin wannan fanni kaɗan ne a ƙasashenmu, galibi sai a manyan asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano ko na Shika a Zariya, masu matsalar gwiwa da ƙugu kuma da yawa Asibitin Ƙashi na Dala suke zuwa. Wanda ya yi doguwar tafiya don ganin likita na minti goma, littafin nan ne zai sa tafiyar ta biya.

Kada hoton ƙashi na asibiti ya ruɗe ka. Akwai wanda hotonsa ya nuna gwiwa ta cinye amma yana zuwa gona, akwai wanda hotonsa bai nuna wani abin kirki ba amma ba ya barci. Gwajin jinin rumatoyid ma yakan fito babu komai ga wasu masu cutar, sinadarin yurik kuma yana iya sauka daidai lokacin da gawut ya taso. Sakamako mai kyau ba ya nufin mutum ƙarya yake yi.

Daren da za a tafi, ka taƙaita komai a shafi ɗaya, ka zuba duk magungunan a leda da kwalayensu. Idan an shiga, ka bar Inna ta yi gaisuwarta ta ce da sauƙi. Sannan ka nemi izininta ka karanta: gwiwar dama ce, wata takwas ke nan, a zaune 2, a tafiya 7, watan jiya 5 ne, sanƙarewar safe minti 15, ta koma salla a kujera tun bayan babbar salla, tana tashi daga kujera sau 6 cikin daƙiƙa 30, ciwo na tashin ta sau biyu a dare, tana shan diklofenak kusan kullum. Kafin ku fito, ka tambayi likita bayan makonni nawa ya kamata a ga aikin sabon maganin, ka rubuta ranar a saman sabon shafi, ranar nan a sake zube dabinon a faranti.